Yadda Ake Samar da Ulu Marar Sinadari, Daga Makiyaya Zuwa Buhu

Kafin a kashe ko sisi, a san cewa Yankasa da Uda da Balami gashi gare su, ba ulu ba. Ko shekara goma aka yi ana ɗura musu dusa da harawa, ba za su fitar da abin da za a kaɗa zare da shi ba. Ulun kasuwar duniya daga wasu jinsuna yake fitowa, kan gaba cikinsu Merino, wadda asalinta Sifaniya ne, yanzu kuma ta fi yawa a Ostareliya, Afirka ta Kudu, Ajantina, Yurugwai da tsaunukan Lesoto. A Afirka ta Yamma masu ulu kaɗan ne: akwai tumakin Masina a Mali, waɗanda da ulunsu ake saƙa bargunan Fulani masu kauri, akwai kuma Kundum a bakin kogin Kwara ta wajen Tilaberi a Nijar. Ulun waɗannan mai kaushi ne, na bargo da darduma, ba na rigar da za ta taɓa fata ba.

Ana auna kaurin silin ulu da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Merino tana ba da 17 zuwa 24, abin da ya haura 30 kuwa ƙaiƙayi yake sa jiki, sai dai a yi shimfiɗa da shi. Yanayin wurinka ne zai zaɓa maka jinsi. Merino tana jure zafi in iska busasshiya ce, amma zafi haɗe da laima shi ne ajalinta: ulun ya jiƙe ya ƙi bushewa, fata ta ruɓe, ƙwayar cutar nan da ke sa wa shanu kirci ta shiga ta dunƙule ulun ya zama ɓawo. Wanda ke da tunkiyar da ta saba da ƙasarsa, ya inganta ta ta hanyar zaɓen raguna, ya fi masa sauƙi da riba a kan ɗauko baƙuwa daga nesa.

Abin da ake nufi da oganik

A kasuwa ba bakinka ne zai ce ulunka oganik ne, wato marar sinadari, ba, takardar shaida ce, kuma abu uku take dubawa: ƙasar da aka yi kiwo, dabbar kanta, da yadda aka sarrafa ulun bayan aski. A dokar Tarayyar Turai mai lamba 2018/848, wadda ta fara aiki a Janairun 2022, makiyaya sai ta yi shekara 2 ba takin zamani ba maganin feshi kafin ciyawarta ta shiga lissafi, tumakin kuma su yi wata 6 ana kiwonsu bisa ƙa'ida. A Amurka shekara 3 ne ga ƙasa, dabba kuma tun tana ciki ake fara lissafinta, daga kashi na uku na ƙarshen cikin uwarta. Bayan aski sai GOTS, ƙa'idar duniya ta sarrafa zare da yadin oganik, ta karɓa: kaya ba ya amsa sunan oganik sai kashi 95 cikin 100 na zarensa ya kasance mai shaida, in kashi 70 ne sai dai a rubuta cewa an haɗa da oganik. Akwai wata shaidar, RWS, da aka fito da ita a 2016, mai kula da walwalar dabba da lafiyar ƙasa. Tana da daraja a wurin masu saye, amma ita ba shaidar oganik ba ce, kada a haɗa su.

A yi rajista da hukumar ba da shaida tun ranar da aka daina feshi. Da yawa sukan yi shekara biyu suna bin ƙa'ida su kaɗai, sannan su je neman takarda a ce musu lissafi daga ranar rajista yake farawa.

Ciyawa da yawan baki

Silin ulu kamar littafin rajista yake, duk abin da ya sami tunkiya cikin shekara yana rubuce a jikinsa. In ta yi mako biyu cikin yunwa, ko zazzaɓi, ko tsutsa ta sha mata jini, silin da ya tsiro a kwanakin nan sai ya sirance. Daga baya ta warke ta yi ƙiba, amma wurin nan yana nan, kuma a nan ulun zai tsinke in ya shiga injin shace shi. Don haka aikin mai ulu shi ne hana tunkiya hawa da sauka. Ƙibar wata uku da ramar wata uku ta fi cutar da ulu a kan matsakaicin jiki na shekara guda.

Fara da lissafi. Tunkiya tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta a rana. Mai kilo 40 ke nan kilo 1.2. Tumaki 50 za su ci kilo 60 a rana, kusan tan 22 a shekara. Kuma ba duk abin da fili ya fitar ake ba dabba ba. A busasshiyar ƙasa rabi ake ci a bar rabi, domin saiwa ta samu ƙarfin sake tohowa, ƙasa kuma kada ta tsiraita iska da ruwa su kwashe ta. Tsohuwar dokar Turai ta 2008 ta yi iyaka da tumaki 13 da ɗoriya a hekta ɗaya, amma wannan na ƙasa mai ruwa ne. A fili mai ƙarancin damina hekta guda tana iya gaza tunkiya biyu.

A raba filin gida-gida da waya ko shingen ƙaya. Tumaki su shiga gida lokacin da ciyawa ta kai santimita 15 zuwa 20, su fita kafin ta sauka ƙasa da 5 zuwa 7. Tunkiya da leɓe take tsinka, tana iya aske ciyawa har ƙasa, kuma kullum mai daɗin take bi, saboda haka in aka bar ta wuri guda sai ciyawa mai kyau ta ƙare, marar amfani ta mamaye. Tunda an hana takin zamani, mai maye gurbinsa shi ne tsiro dangin wake, wanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi da kansa, da kashin tumakin, da juya gonar hatsi da makiyaya. Harawar da za a ajiye don rani ita ma dole ta fito daga gonar da ba a yi wa feshi ba. A nan ne masu sayen harawa a kasuwa kan faɗi jarrabawa.

Duk ciyawa mai ƙaya ko 'ya'ya masu manne wa jiki, irin su ƙarangiya, a cire ta kafin ta yi 'ya'ya, ko a sa tumakin su cinye ta tana ɗanya. Ulun da ƙaya ta cika, a masana'anta da ruwan asid ake ƙone ƙayar, farashinsa kuma ya faɗi tun a wurin awo. Ko harawa ma kada a riƙa zubawa ta saman kawunansu. A yi akurkin abinci mai tsayin da tunkiya za ta ci kanta a ƙasa, don ɓurɓushi kada ya cika mata wuya da gadon baya.

Ulu furotin ne mai yawan farar wuta, shi ya sa ƙarancin furotin ke fara bayyana a jikinsa. Batun sinadarin jan ƙarfe a cikin abinci kuwa sai da hankali: in ya yi kaɗan ulu yakan rasa lanƙwasarsa ya miƙe, baƙi ya koɗe, in ya yi yawa kuma ya taru a hanta ya kashe dabba. Kada a ba tumaki dutsen lasa ko abincin da aka haɗa don shanu ko kaji, na tumaki ake nema. Ruwa lita 4 zuwa 6 a rana, mai shayarwa cikin zafi tana iya shan 10.

Cikin tunkiya wata biyar ne, wajen kwana 147. Mako shida na ƙarshe su ne masu muhimmanci, domin a lokacin ne da kuma makonnin farko bayan haihuwa ramukan da ke fitar da lallausan ulu suke samuwa a fatar ɗan. Ɗan da uwarsa ta sha yunwa a wannan lokaci, har ya tsufa ulunsa ba zai kai na 'yan'uwansa yawa da laushi ba. A dafa bayan uwar da hannu, kada a yarda da ido, ulu yana ɓoye rama. In ƙashin baya yana sukan tafin hannu, a ƙara mata abinci. Bayan haihuwa ɗan ya sha nonon uwa aƙalla kwana 45, haka dokar Turai ta ce.

Tsutsar ciki, inda yawanci ake karaya

Mai kiwon zamani yakan ɗura wa garke duka magani duk wata biyu ya huta. A tsarin oganik an hana ba da magani don rigakafin abin da bai zo ba, sai dabbar da ta nuna buƙata. Ba wai an hana magani ba ne. Barin dabba ta wahala don a kare takardar shaida shi ma laifi ne a dokar. Allurar rigakafi kuma halas ce, a yi ta a kan lokaci.

Babbar abokiyar gaba a ƙasa mai ɗumi ita ce jar tsutsar nan da ke zama a tumbin ƙarshe tana shan jini. Mace ɗaya tana zuba ƙwai dubu biyar zuwa dubu goma a rana. Tsutsa dubu za ta sha wajen mililita 50 na jini kullum. Ƙwan yana fita cikin kashi, in akwai ɗumi da laima cikin kwana 4 zuwa 5 ya zama ƙaramar tsutsa mai hawa ciyawa, kuma yawancinsu ba sa wuce santimita 5 daga ƙasa. Daga nan dabarun suka fito. Kada tumaki su wuce kwana 3 zuwa 4 a gida ɗaya da damina, don su bar wurin kafin ƙwan da suka zubar ya zama haɗari. A ƙasa mai zafi da laima ƙananan tsutsotsin ba sa daɗewa, yawancinsu sun mutu cikin mako huɗu zuwa shida, saboda haka gida goma da kwana uku da rabi a kowanne yana ba kowane gida hutun fiye da wata guda. A ƙasa mai sanyi wannan lissafi ba ya aiki, can suna iya yin watanni a raye. Shanu kuma in suka bi bayan tumaki suna share fili, domin yawancin tsutsar tunkiya ba ta bunƙasa a cikin babbar saniya. Wurin shan ruwa ya zama busasshe, kwatarniya ɗage daga ƙasa, kuma a guji fadama, can ne dodon koɗi mai ɗauke da tsutsar hanta yake.

Don gane wadda ke buƙatar magani ana amfani da katin FAMACHA, wanda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu. A fito da tunkiya cikin haske, a danna fatar ido ta sama a hankali, a ja ta ƙasa, a dubi launin naman ciki a gwada da katin. Lamba 1 ja ne sosai, lamba 5 fari fat. Masu 4 da 5 a ba su magani nan take, masu 3 a ba su in 'ya'ya ne, ko masu ciki, ko masu shayarwa. Da damina a duba duk mako biyu. Kumburi a ƙarƙashin haɓa alama ce an riga an makara, a yi sauri. Ƙarancin jini kawai katin yake nunawa, ba ya gano tsutsar da ke sa zawo, ita sai an kai kashi ɗakin gwaji an ƙirga ƙwai.

In za a ba da maganin, a auna nauyin dabba a ba ta cikakken awo. Rabin awo shi ke koya wa tsutsa jure magani. A rubuta lambar kunnenta da ranar. A Turai lokacin jira kafin a sayar da nama ko nono ninki biyu ne na wanda ke jikin kwalba. A Amurka dabbar da aka ba maganin tsutsa cikin gaggawa sai ta yi kwana 36 kafin a aske ta a kira ulunta oganik. Rubutun nan zai nuna maka wani abu cikin shekara biyu: 'yan tsirarun tumaki ne kullum ke dawowa layin magani, su ne kuma ke cika fili da ƙwai. A sayar da su, kada a bar 'ya'yansu su zama iri, ragon da za a ajiye kuma ya fito daga uwar da ba ta cika neman magani ba. Wannan zaɓe shi ne maganin da ke ɗorewa. Tsirrai masu ɗaci da ɗaure baki, irin bagaruwa, suna rage ƙwan tsutsa in an ba da su daidai gwargwado, amma ba sa ceton dabbar da idonta ya riga ya yi fari.

Ƙuda, ƙwarkwata da kofato

Akwai koren ƙuda mai sheƙi da ke yin ƙwai a cikin jiƙaƙƙen ulu, musamman wajen gindi inda zawo da fitsari suka ɓata. Cikin yini guda ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsotsi su fara cin fata. Alamarsa tunkiya ta ware daga garke, tana buga ƙafa, tana juyawa tana cizon bayanta, ulun wurin ya yi duhu yana wari. A aske wurin har santimita 5 cikin lafiyayyen ulu, a tattara tsutsotsin da ulun cikin baƙar leda a ɗaure a bar shi a rana, a wanke ciwon a sa maganin da hukumar shaidarka ta amince da shi. A Ostareliya an daɗe ana yanke fatar gindin 'yan tumaki don hana wannan. Niyuzilan ta haramta yin haka a 2018, GOTS da RWS kuma ba sa karɓar ulun dabbar da aka yi wa. Abin da ya rage shi ne aske gindi da cinyoyi kafin lokacin ƙuda, hana zawo, da zaɓen tumaki marasa naɗewar fata.

Ƙwarkwata da ƙazuwa baƙuwar dabba ce ke kawo su. Duk wadda aka sayo a killace ta mako uku zuwa huɗu, a buɗa ulunta a wuya da kafaɗa da kwiɓi a duba. Tsoma garke cikin ruwan maganin ƙwari ba ya cikin wannan tsari, domin maganin a maiƙon ulu yake zama, ranar wanki ya bi ruwa ya shiga rafi. Don ruɓewar kofato, a tsayar da su cikin ruwan zinki salfet, kilo 1 a lita 10, na 'yan mintuna, sannan su tsaya a busasshen wuri. Mai ɗingishin da ya ƙi warkewa a fitar da ita daga garke.

Ranar aski

Yawanci sau ɗaya ne a shekara, lokacin da tsawon ulu ya kai santimita 7 zuwa 10. Da yawa sun fi son mako huɗu zuwa shida kafin haihuwa, don ɗan ya sami nono cikin sauƙi, kuma in wahalar haihuwa ta sirantar da sili, sirancewar ta faɗo a bakin ulu maimakon tsakiyarsa. Tumaki su kwana ba ci ba sha, cikakken tumbi yana takura numfashi in an zaunar da dabba, masu tsohon ciki kuwa a taƙaita musu lokacin. Dole su kasance a bushe. Jiƙaƙƙen ulu in ya shiga buhu fumfuna yake yi ya yi rawaya.

A share wurin, katako ko tamfol mai tsabta. Farare kafin baƙaƙe, domin silin baƙi kaɗan ya isa ya rage darajar farin ulu, ba ya karɓar rini mai haske. Yara kafin manya, masu ƙurji a ƙarshe, kuma a tsoma almakashi cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin dabba da dabba, ta yankan aski ciwon ƙurji ke yaɗuwa. A zaunar da tunkiya a kan gindinta, bayanta jingine da ƙafafun mai aski. A fara da ciki a ware shi gefe, sannan tsakanin cinyoyi, a sa hannu a rufe kan nono. Daga nan ƙafar baya, wuya, kafaɗa, a kwantar da ita a bi dogon baya, a juya ɗaya gefen, ulun ya sauka a haɗe. Hannun hagu yana jan fata ta miƙe, ba ulu ake ja ba, jan ulu yana ɗago fata ta shiga bakin almakashi. Kuskuren sabon hannu shi ne komawa ya gyara inda ya bari, sai ya cika ulun da guntayen da ba sa kaɗuwa. In an bar tudu a bar shi. Almakashin hannu, wanda har yanzu ake aiki da shi sosai a Lesoto, yana barin ɗan ulu a jiki, kuma hakan kariya ce. Mako biyu na farko bayan aski ruwan sama da iska mai sanyi suna iya kashe tunkiya a dare ɗaya, rana kuma tana ƙona fata, don haka a tanadi rumfa da ƙarin abinci.

A shimfiɗa ulun a kan tebur mai ramuka, gefen fata a ƙasa. A zagaya a cire gefuna masu kashi, fitsari, gumi da ƙaya. A ɗebo tsagi ɗaya kaurin fensir, a riƙe bakinsa biyu, a ja da ƙarfi kusa da kunne. In ya yi ƙara bai rabu ba, lafiyayye ne. In ya yi ƙas-ƙas ya tsinke, a ware shi daban. A jera iri-iri bisa laushi, tsawo da launi. Merino takan ba da kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen ulu, bayan wanki a sami kashi 60 zuwa 70 cikin 100.

Kada a zuba ulu a buhun taki ko na shinkafa, kada a ɗaure da igiyar leda. Zaren ledar yana tsagewa ya shige cikin ulu, babu injin da ke iya fitar da shi, sai bayan rini ya bayyana fari a jikin yadi. Buhun auduga ko na nailan da aka yi don ulu ake amfani da shi. Fentin gini da baƙin mai da wasu ke shaida tumaki da su ba sa fita a wanki, lambar kunne ta wadatar.

Wanki da ajiya

Maiƙon ulu yana narkewa a wajen digiri 40, saboda haka ruwan wanki ya kai 55 zuwa 60. Ga kilo ɗaya na ulu a tanadi lita 30 zuwa 40. A narka sabulun ruwa marar kaifi tukuna, sannan a nutsa ulun cikin jakar raga, a bar shi minti 15 zuwa 20 ba tare da cuɗawa ba. A ɗago shi kafin ruwan ya huce, in ya huce maiƙon komawa yake ya manne, kuma na biyun ya fi wuyar fita. Wanki biyu, ɗauraya biyu, duka da ruwa mai zafi iri ɗaya, a ɗauraya ta ƙarshe a zuba ɗan ruwan khal. Abu uku ne ke dunƙule ulu ya ƙi warwaruwa: cuɗawa, sauya zafi zuwa sanyi farat ɗaya, da sakin famfo kai tsaye a kansa. Ruwan toka, kanwa da sabulun soda suna cin silin ya yi kaushi, bilic kuwa narkar da shi yake yi. A shanya a inuwa a kan raga inda iska ke ratsawa sama da ƙasa. Ruwan wankin farko kada ya shiga rafi ko kwata, a zuba shi a rami ya huce, a kwashe maiƙon da ya taso, sauran a shayar da juji.

Asu ya fi son ulu mai datti da duhu. A ajiye busasshen ulu a kan katako nesa da bango, a riƙa buɗewa duk wata ana dubawa. In an ga alamarsa a ware buhun, a sa shi cikin firiza na mako guda, a fito da shi ya yi kwana biyu, a sake mayarwa don ƙwan da ya tsira. Kafur da maganin feshi suna ɓata shaidar. Kowane buhu a rubuta masa ranar aski, garken da ya fito, nauyi da iri, lambar kuma ta yi daidai da abin da ke cikin littafin garke, inda aka rubuta sayen dabba, abinci da rasiɗinsa, magani da juyin makiyaya. Mai bincike daga hukumar ba da shaida yana zuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma abin da zai fara yi shi ne gwada nauyin ulun da aka sayar da yawan tumakin da aka aske.